Rijiya gaba dubu: Yadda ake kutsawa cikin kogwanni mafi zurfi a duniya

Wata safiya cikin watan Satumban 2018, wani ayarin masu binciken kogo na karin kumallo a sansaninsu, kimanin mita 2,100 a ƙarƙashin tsaunin Arabika da ke gaɓar Bahar Aswad, sai wayar tarho mai igiya da suka jawo tun daga bakin kogon ta yi ƙara. Abokan tafiyarsu biyu da suka riga su kama hanyar fita ne ke magana daga can sama, kuma saƙon gajere ne: ambaliya ta wuce su, tana nan gangarowa. Da farko mutanen ba su razana ba, domin sun kafa sansanin ne a gefe, nesa da magudanar ruwa. Ba a jima ba sai kogon ya ɗauki ruri, sannan wani rami da ke kusa da tantinsu ya fara ɓulɓulo da ruwa daga ƙasa. A nan ne suka gane cewa ruwan da ya gangara ya cika ƙasan kogon, yana kuma hauhawa zuwa inda suke.

Ba su tsaya tattara kaya ba. Mai ɗaukar hoto ɗan Birtaniya da ke cikinsu, Robbie Shone, ya zare katunan da hotunansa ke ciki, ya bar kayan aikinsa a nan. Kowa ya kama igiya yana hawa, ruwa mai sanyin ƙanƙara na zubo masa a ka, har suka kai tudun mun tsira. Babu wanda ya rasa ransa, amma ruwa ya shanye sansanin.

Wannan kogo shi ne Veryovkina. Bahaushe kan ce rijiya gaba dubu idan yana nufin ramin da ba a ganin ƙarshensa. Idan aka ƙaddara gaba ɗaya a matsayin mita 1.8, to gaba dubu ba ta wuce mita 1,800 ba, alhali awon da aka yi wa Veryovkina a watan Maris na 2018 ya nuna mita 2,212. Da za a ɗora hasumiyar agogon Makka, mai tsawon mita 601, har sau uku a kan juna cikin wannan zurfi, da sauran fiye da mita 400 kafin a ga hasken rana. Shi da maƙwabcinsa Krubera su ne kogwanni biyu kacal da aka san sun zarce mita 2,000 a duk duniya, kuma dukkansu a cikin tsauni ɗaya suke.

Abin da ya sa Arabika ya bambanta

Tsaunin Arabika yana yammacin jerin duwatsun Kaukasus, a yankin Abkhaziya, kusa da garin Gagra. Abkhaziya ta ɓalle daga ƙasar Jojiya bayan yaƙin 1992 zuwa 1993, Rasha ta amince da ita a matsayin ƙasa a 2008, amma akasarin ƙasashen duniya na ɗaukar ta a matsayin yankin Jojiya. Siyasar wurin ta sha shafar aikin bincike, kamar yadda za a gani nan gaba.

Jikin tsaunin dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake fasawa a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe domin yin siminti. Wannan dutse yana da wani rauni guda. Ruwan sama kan kwashi iskar kabon daga sararin sama da kuma cikin ƙasa, ya zama yana da ɗan tsami kaɗan, wanda harshe ba zai ji ba, amma ya isa ya riƙa narkar da dutsen sannu a hankali. Ruwan kan bi 'yar tsaga mai kaurin zare, ya buɗa ta, ƙarin ruwa ya biyo baya, har bayan dubban ɗaruruwan shekaru tsagar ta zama ramin da mutum zai shige. Masana na kiran irin wannan ƙasa da sunan karst, daga sunan wani tudu da ke iyakar Sulobeniya da Italiya, inda aka fara nazarinta sosai.

Dutsen farar ƙasa yana ko'ina a duniya, amma ba ko'ina ake samun kogo mai irin wannan zurfi ba. Sai dutsen ya kasance mai kauri ƙwarai, kuma ya ɗaga sama nesa da inda ruwansa ke fita. Arabika ya haɗa duka biyun. Doronsa ya haura mita 2,000, kaurin dutsen ya zarce kilomita biyu, sassansa sun karkata zuwa teku har sun nutse a ƙarƙashinta, ga shi kuma tekun ba ta da nisa. Wanda ya hau doron tsaunin zai ga abin mamaki: ana ruwan sama da dusar ƙanƙara mai yawa, amma babu rafi mai gudu. Ƙasa ce ke haɗiye komai.

Ina ruwan yake tafiya? A shekarar 1984 masu bincike sun zuba rini marar cutarwa a cikin wasu ramuka da ke can sama, suka sa ido a maɓuɓɓugan da ke ƙasa. Rinin ya ɓullo a bakin teku, ciki har da maɓuɓɓugar Reprua, wadda ruwanta ke fita daga dutse ya faɗa teku bayan 'yan mitoci kaɗan, har akan lissafa ta cikin koguna mafi gajarta a duniya. Tsakanin inda aka zuba rinin da inda ya fito akwai gangara ta fiye da mita 2,300. Tun daga ranar aka san cewa ruwa na da hanya daga ƙololuwa zuwa teku. Abin da ya rage a sani shi ne ko hanyar za ta ɗauki mutum.

Daga mita 1,000 zuwa mita 2,000

An ɗauki lokaci mai tsawo kafin a kai ga haka. Bafaranshe Édouard-Alfred Martel, wanda ake ɗauka a matsayin uban binciken kogo na zamani, ya riƙa sauka ramuka da tsanin igiya da kyandir a ƙarshen ƙarni na 19. A tsakiyar ƙarni na 20 ana amfani da tsanin waya da kuma injin da ke zura mutum kamar guga. Irin wannan inji ne ya yi sanadin mutuwar Marcel Loubens a 1952, a kogon Pierre Saint-Martin da ke iyakar Faransa da Sifaniya, lokacin da maɗaurin wayar ya kwance. A 1956 aka fara ƙetare mita 1,000, a kogon Berger na ƙasar Faransa, shekara uku bayan an hau ƙololuwar Everest. Daga nan sai da aka shafe shekara 48 kafin a ninka wannan adadi.

Kogon Krubera ne ya karya lagon. Masu bincike 'yan Jojiya suka gano bakinsa a 1960, a kwarin Ortobalagan, mita 2,256 sama da teku, suka sa masa sunan masanin ƙasa ɗan Rasha Alexander Kruber. Ba su yi nisa ba wani matsatsi ya tare su. A shekarun 1980 'yan birnin Kyiv suka buɗa matsatsin suka kai mita 340, inda hanya ta sake toshewa. Su ne suka riƙa kiran sa Voronya, wato kogon hankaki, saboda tsuntsayen da ke sheƙa a bakinsa. Daga nan Tarayyar Sobiyet ta rushe, yaƙi ya ɓarke a Abkhaziya, aka yi shekaru babu mai hawa tsaunin.

Da aka koma a 1999, ayarin Ƙungiyar Masu Binciken Kogo ta Yukren, ƙarƙashin jagorancin Yuri Kasjan, bai ɓata lokaci a ƙasan da ya toshe ba. Sai suka duba bangon wata rijiya da magabatansu suka sha wucewa, suka hango wasu kafofi kamar tagogi, suka lilo da igiya suka shiga. Ɗaya daga cikinsu ta kai su mita 700. A shekara ta 2000 aka wuce mita 1,400, sannan a watan Janairun 2001 aka kai mita 1,710, abin da ya ƙwace kambun daga kogon Lamprechtsofen na Ostiriya mai mita 1,632. A watan Agustan 2004 aka haɗa ayarin mutum 56 cikin shirin da marigayi Alexander Klimchouk ya tsara, suka kai mita 1,840 bayan biyu daga cikinsu sun ja ciki ta wani dogon matsatsi da ya kewaye inda ruwa ya tare hanya. Watanni biyu bayan haka, a watan Oktoba, Kasjan ya koma da mutum kaɗan, suka tsaya a mita 2,080. Wannan ne karon farko da ɗan Adam ya wuce kilomita biyu a cikin kogon da ba shi ya haƙa ba.

Abin da ya biyo baya aikin nutso ne. A ƙasan Krubera ruwa ya cika hanyar har rufi, don haka Gennady Samokhin ya goya tulun iska ya nutsa mita 46 a 2007, ya sake nutsawa mita 52 a 2012, zurfin kogon ya tasam ma mita 2,200.

Labarin Veryovkina ya fi wannan nuna jimiri. 'Yan birnin Krasnoyarsk suka gano shi a 1968, suka sauka mita 115, suka yi masa alama suka tafi. Ƙungiyar Perovo ta birnin Mosko ta sake gano shi a 1982, zuwa 1986 ta kai mita 440, aka kuma sa masa sunan Alexander Veryovkin, wani mai nutso a kogo da ya rasu a 1983 a bakin aiki. Daga nan aka shafe kusan shekara talatin zurfin bai ƙaru ba. Wani ayari da ya fi gajen haƙuri da tuni ya nemi wani ramin. Sai a 2015 aka ci karo da sabuwar rijiya, kuma da hanya ta buɗe sai ta buɗe gaba ɗaya: mita 1,350 a 2016, mita 1,832 a Fabrairun 2017, mita 2,204 a Agustan wannan shekarar. A can ƙasa suka tarar da abin da ba su zata ba, wato hanyoyi na kwance masu tsawon kilomitoci, da tabkin da aka auna a Maris na 2018.

Yadda ake sauka da yadda ake rayuwa a ciki

Wanda ya ji an ce mita dubu biyu zai iya zaton rami ɗaya ne miƙaƙƙe. Ba haka abin yake ba. Rijiyoyi ne birjik a jere, wata mita goma, wata ta haura mita 150, kuma tsakanin wannan da waccan akwai tsagogi masu lanƙwasa da sai mutum ya juya gefe, wani wurin ma sai ya fitar da numfashi kafin ƙirjinsa ya wuce. Ta cikin waɗannan tsagogi ake jan jakunkunan kaya ɗaya bayan ɗaya, kuma masu aikin kan ce jan kayan ya fi saukar wuya.

Dabarar da ta sauya komai ita ce ta igiya ɗaya, wadda ta bazu a shekarun 1960 da 1970, kuma Bafaranshe Fernand Petzl na cikin waɗanda suka ƙera kayanta. Igiyar ba ta fi kaurin ƙaramin yatsa ba, ba ta kuma talewa. Mai sauka kan ɗaura ɗamara a ƙugu, ya zarga igiyar cikin wani ƙarfe da ke rage gudu. Mai hawa kuma yana amfani da ƙarafa biyu masu haƙora, ɗaya a ƙirji, ɗaya a hannu da maɗaukin ƙafa, waɗanda ke zamewa sama amma su cije idan an ja su ƙasa. Sai ya miƙe, ya zauna, ya miƙe, ya zauna, kamar tsallen kwaɗo, sau dubbai. Na gaba shi ke huda bango ya kafa ƙusoshi, yana ɗaure igiyar a wurare da dama domin kada ta goga da kaifin dutse, yana kuma karkatar da ita daga inda ruwa ke zuba. Wannan na ƙarshe shi ne ke raba rai da mutuwa ranar da ambaliya ta zo.

Ƙwararru kan yi kwana uku zuwa huɗu kafin su kai ƙasan Veryovkina, fitowa kuma ta fi haka. Saboda haka ake kafa sansanoni a hanya, tanti da ɗan risho da jakar barci, a kan duk wani ɗan fili da aka samu. Sanyin ciki bai cika wuce digiri 4 zuwa 7 a ma'aunin Salsiyus ba, iska a jiƙe take sharkaf, tufa ba ta bushewa. Babu dare babu rana, sai fitilar goshi, kuma idan aka kashe ta duhun ya kai inda ido ba ya taɓa sabawa da shi. Rediyo da tauraron ɗan Adam ba sa ratsa dutse, shi ya sa ake jan waya tun daga sama.

Haka nan awo. Tunda babu na'urar da za ta nuna wa mutum inda yake, sai a bi kogon gaɓa-gaɓa, ana auna tsawo da fuska da gangara daga wannan alama zuwa waccan, sannan a haɗa dubban alƙaluma. Kuskuren ɗan yatsa a kowace gaɓa kan taru ya zama mitoci. Wannan ne dalilin da ya sa adadin da ake bayarwa ga kogwannin biyu kan motsa da 'yan mitoci duk lokacin da aka sake awo, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa.

Ruwa, da abin da ke faruwa idan an ji rauni

Ambaliyar 2018 ba wani baƙon abu ba ce ga wanda ya fahimci ginin tsaunin. Doronsa kamar bakin mazurari yake, yana tara ruwan fili mai faɗi, ƙasansa kuma tsukakke ne. Idan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, babu ƙasa mai kauri ko rafi da zai riƙe shi, sai ya gangara cikin sa'o'i, ya tarar da mafitar da ba za ta iya ɗauke shi a lokaci ɗaya ba, ya taru yana hawa. Wanda ke can ƙasa ba ya ganin hadari, ba ya jin tsawa. Domin kauce wa haka ne ayari da dama ke zaɓar tsakiyar hunturu, lokacin da saman tsaunin ya daskare, kamar yadda aka yi a Janairun 2001 da Maris na 2018. Sai dai an gudu ne ba a tsira ba, domin a lokacin dusar ƙanƙara na iya zaftarowa a kan hanyar hawa, kuma jirgi mai saukar ungulu ba kullum yake iya tashi ba.

A irin wannan wuri ƙaramin rauni babban al'amari ne. Mai hawan tsauni idan ya karye, jirgi na iya ɗauko shi. Mai binciken kogo kuwa sai an bi da shi ta duk matsatsin da ya shigo, a kwance, a ɗaure. A watan Yunin 2014 dutse ya faɗo wa Johann Westhauser a ka, a zurfin kimanin mita 1,000 cikin kogon Riesending na Jamus, kuma sai da mutum fiye da 700 daga ƙasashe daban-daban suka yi kwana 11 kafin a fito da shi. A Satumban 2023 Ba'amurke Mark Dickey ya kamu da zubar jini a ciki a kwatankwacin wannan zurfi, a kogon Morca na Turkiyya, aka kai masa likitoci da jini har can ƙasa, aka fito da shi bayan fiye da mako guda. Dukkan waɗannan a rabin zurfin Veryovkina suka faru, kuma a ƙasashen da masu ceto ke iya isa cikin sauri.

Arabika kuma ya ci nasa. Pavel Demidov, wanda ya jagoranci ayarin da ya tsallake rijiya da baya a 2018, ya rasu a watan Agustan 2020 sakamakon ruftawar duwatsu a wani kogon na wannan tsauni. Shekara guda bayan haka, 'yan ƙungiyar Perovo suka tarar da gawar wani mutum a zurfin mita 1,100 cikin Veryovkina. Shi kaɗai ya shiga watanni da dama kafin nan, ya iya sauka, hawa ta gagare shi, sanyi ya ƙarasa shi.

To me ake nema?

Ba za a ɓoye ba, akwai son a ce wane ne ya fara taka wuri, kuma gasar da ke tsakanin ƙungiyoyin Yukren da na Rasha ta taimaka wajen tura alƙaluman gaba. Amma taswirar da suke fitowa da ita tana da amfanin da ya wuce suna. Ɗaruruwan miliyoyin mutane a duniya na shan ruwan da ke fitowa daga irin wannan dutse, kuma birnin Biyana na Ostiriya tun 1873 yake jawo ruwansa daga maɓuɓɓugan tsaunukan farar ƙasa. Ruwan da ya bi ta yashi yana tacewa a hanya. Wanda ya bi ta kogo kuwa yana gudu ne kamar a cikin bututu, don haka duk ƙazantar da aka zuba a rami a kan tudu tana iya ɓullowa a maɓuɓɓugar da gari ke sha, kilomitoci daga wurin. Sai an san ta ina ruwan ke bi kafin a san inda za a hana zuba shara.

Akwai kuma masu rai. A 2010 masana daga Sifaniya da Fotugal da ke tare da wani ayari sun samo wani ɗan mitsitsin ƙwaro marar ido a zurfin mita 1,980 cikin Krubera. An sa masa suna Plutomurus ortobalaganensis, domin tunawa da kwarin da bakin kogon yake, kuma lokacin da aka bayyana shi a 2012 babu wata halittar tudu da aka taɓa samu a ƙasa da haka. Abincinsa ruɓaɓɓun abubuwan da ruwa ke gangarowa da su ne.

Batun ko za a ƙara zurfi kuwa, lissafi ne mai sauƙi. Bakin Veryovkina yana mita 2,285 sama da teku, saboda haka ƙasansa bai fi mita 70 da ɗoriya ba sama da fuskar Bahar Aswad. Na Krubera ma kusan haka yake. Hanyoyin ruwan sun ci gaba, har akwai maɓuɓɓugan da ke fita a ƙarƙashin tekun kanta, abin da masana irin su Klimchouk suka danganta da wani zamani mai nisa da tekun ta ja baya ƙwarai. Amma duk abin da ya rage cike yake da ruwa, kuma kowace mita sai an kai tulun iska ta cikin kilomita biyu na rijiyoyi kafin a same ta. Ɗaya hanyar ita ce a duba sama, domin ana ƙirga zurfin kogo ne daga ƙofarsa mafi tudu, don haka duk wanda ya gano wani rami a can ƙololuwa da ya haɗe da ɗaya daga cikin biyun ya ƙara masa tsawo ba tare da ya jiƙa kansa ba.

A ɗaya ɓangaren duniya kuma, a jihar Oaxaca ta Meziko, akwai kogon Cheve, inda Ba'amurke Bill Stone ya shafe shekaru yana jagorantar bincike. Shi ma an zuba masa rini, ya fito a wani kwari da ke ƙasa da bakinsa da fiye da mita 2,500. Mutane dai ba su wuce mita 1,500 da 'yan kai ba a cikinsa.